Taku Ɗari Daga Bakin Kwalta

Har yau in aka karya kara kusa da ni sai gabana ya yanke ya faɗi. Ko Mama ce ke karyawa za ta hura wuta, sai in nemi bango in jingina. Ta daina yi a gabana. Baba kuwa in ya ga na jingina sai ya ce, "Uwata, Ubangiji yana nan." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Na san Ubangiji yana nan. Ba Shi nake jin haushi ba.

Mu Kirista ne, a Ƙauran Namoda aka haife ni, a nan na gama sakandare. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo Baba tun yana saurayi. Jirgi ya daina zuwa, shi ya zauna. Dattijo ne a majami'armu, kuma akwai aikin da kowa ya san nasa ne ran Lahadi: addu'a domin masu mulki. Yakan faro daga can sama ya gangaro a hankali, ba ya tsallake kowa, har mai unguwa. Muna yara, in muka ji ya kai kan kansila sai mu fara gyara zama, mun san an kusa.

Ba a majami'a abin ya tsaya ba. Ranar tsaftar gari Baba kaɗai za ka gani a layinmu yana kwashe kwata, ko an fito dubawa ko ba a fito ba. In aka zagi hukuma a gabansa sai ya ce, "Kujerar ba ta mai zama a kai ba ce. Allah ne ya kafa ta don kada mu cinye juna. Ko wanda ke kai bai cancanta ba, kai dai yi naka." Na girma ina jin wannan kamar yadda ake jin kiran sallar masallacin bayanmu, kunne ya saba. Ban taɓa tsammanin maganar za ta bi ni har gona ba.

Gonarmu tana bakin hanyar Shinkafi, in ka bar gari kaɗan. Ba tamu ba ce ta gado. Aro ce, wani manomi ya ba Baba tun ba a haife ni ba, da ya rasu ɗansa ya ce mu ci gaba. Ɗan nan shi muke ce wa Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba, ba mu haɗa addini ba. Sa'an Baba ne. Kowace kaka damin farko da muka ɗaure gidansa ake kaiwa, shi kuma ya yi ta faɗan an wahalar da kai, sannan ya karɓa. Gonarsa tana manne da tamu. Tamu ta bi titi a kwance, siririya. Tasa ta taɓa titi da baki ɗaya, ta miƙe can ciki har rafi.

A shekarar da nake magana, dawa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Ta fi mutum tsawo, ta fitar da kai, tsaba tana madara. Sati uku ya rage. Sai ga mai shela da lasifika: hukuma ta ce duk shuka mai tsawo da ke cikin taku ɗari daga bakin kwalta a sare ta nan da kwana uku, domin ɓarayin daji a ciki suke laɓewa su tare motoci. Ya ƙara da cewa za a sa motar sintiri tana kai da kawowa.

Kowa a garinmu ya san yadda ake karɓar irin wannan doka. Ka sare kunya biyu ko uku na bakin titi, inda mai wucewa a mota zai gani, ka jingina karan a fili don a shaida, ka koma gida ka jira maganar ta mutu. Ba raini ba ne, an dai saba. Tun daga Ɗan Isa har hanyar Zurmi haka aka yi.

Baba kuwa ya ɗauko igiya.

"Maigida, ina za ka da igiya?" in ji Mama.

"Awo zan yi."

"Awon me? Kowa kunya uku ya sare."

"Kunya uku aka ce, ko taku ɗari?"

"To in ka sare taku ɗari me ya rage? Gonar duka nawa take? Tuwon doka za mu ci bana?"

Baba ya juyo wajena. Ya ce in ɗauki gora in biyo shi. Ni na riƙe masa bakin igiya. Ya taka ɗari daga kwalta yana ƙirgawa a fili kamar ɗan aji ɗaya, ya kafa tsinke. Ya tsaya ya dubi ƙafarsa, ya ce ya tsufa, takunsa ya gajarce, wataƙila ɗarinsa bai kai ɗarin hukuma ba. Ya ƙara goma. Na ce, "Baba, wa zai zo ya auna?" Ya ce, "Wanda ke gani ba sai ya zo ba."

Yana cikin sara sai ga Kawu ya ratso ta kan iyaka, fartanya a kafaɗa.

"Dattijo, lahiya? Mi dawag ga ta yi maka?"

"Doka ce, Malam."

"Awo, mun jiya. Mu ma da kunnuwanmu. Amma sati ukku hwa ya rage ta nuna. Wanda yac ce a sare, shi zo da kainai shi sare, in gane shi ido da ido."

"Ba don cuta suka faɗa ba. Mutane ake ɗauka a hanyar nan."

"Ku dai in hukuma ta ce ku hwaɗa rijiya, tambaya za ku yi wace rijiya."

"In ta ce in saɓa wa Allah, ba zan yi ba. Sare dawa ba saɓo ba ne."

"Almubazzaranci hwa? Ko ku babu shi a wajenku?"

Baba ya yi murmushi bai ɗago ba, adda tana ta aiki. Kwana biyu muka yi. Ni nake kwasar karan, ɗanye shakaf, da zangarniyar da in ka matsa sai farin ruwa ya fito. Shanun noman Kawu ne suka yi sallah da ita. Abin da ya rage mana bai fi kunya takwas ba can baya, sai waken da ke yaɗo a ƙasa, shi doka ba ta taɓa ba. Mama ta yi kwana huɗu tana ajiye masa tuwo ba ta ce "ga shi" ba. Gonarmu ta zama fili fetal a tsakiyar dawar mutane, kamar giɓin haƙori.

Motar sintiri kuwa, Baba ya yi ta leƙen hanya. Ba mu gan ta ba.

Bayan sati biyu wake ya fara bushewa, Mama ta ce in je in roro kafin ya fashe. Ranar kasuwar Shinkafi ce. An kira dattawa taro a ƙofar mai unguwa a kan sha'anin tsaro, Baba ko karyawa bai gama ba ya tafi. Kawu ya ɗauke ni a amalankensa kamar yadda ya saba, ya sauke ni a gonarmu, ya kora shanunsa can wajen rafi. Zanen Mama na zumuntar matan majami'a na ɗaura, tsoho, amma ruwan ɗorawarsa yana nan, ana hango shi daga nesa.

Hantsi ya ɗaga, na kusa cika roba, ina kusa da titi. Sai na ga dawar Kawu ta bakin kwalta tana motsi, alhali babu iska. Na ɗauka awaki ne. Har na ɗauki hoge zan jefa.

Mutane ne suka fito. Ban ƙirga su ba. Bindigogi a hannu, fuskoki a naɗe. Wata mota ta taho daga gari, ta sha kaya har sama, mutane a matse. Suka harba sama. Ban taɓa jin ƙarar bindiga kusa haka ba, ba a kunne ake jin ta ba, a ciki ne. Motar ta yi gefe ta tsaya.

Na dubi hagu, na dubi dama. Babu ko kara ɗaya da zan tsaya a bayansa. Baba ya share gonar tas. Ga ni tsaye da zane ruwan ɗorawa a fili kamar tafin hannu.

Na san nisan da ke tsakanina da dawar farko, ai ni na riƙe igiya. Taku ɗari da goma. Na yar da roba na zura. Kututturan karan da muka sare suna sukar ƙafata, takalmi ɗaya ya fita, ban juya ba. Na ji an yi tsawa a bayana, ban sani ba ko da ni ake. Allah ya gafarta mini, ba addu'a nake yi ba a gudun nan. Goman da Baba ya ƙara nake tsine wa. Da na wuce inda tsinken farko yake, na ce a raina, da yanzu na shige.

Na faɗa cikin kunyoyinmu takwas, na ratsa su na shiga ta Kawu, ina ta kutsawa, ganye yana yankar fuskata. Sai aka cafko ƙafata na kife. Kafin in yi ihu hannu ya toshe mini baki.

"Ni ne, ɗiyata. Kwanta. Kak ki motsa."

Kawu ne, kwance cikin kwarin kunya. Ya tuɓe rigarsa mai kalar ƙasa ya lulluɓe ni da ita tun daga kai, ya tura gefen zanena da ya leƙo a ƙarƙashi. Ya bar hannunsa a kan ƙeyata yana danne ni. Hannun yana rawa, rawa sosai, har haƙorana suna haɗuwa. Ina jin yana motsa baki yana karanta abin da ya sani. Ni nawa ya ɓace mini gaba ɗaya, sai sunan Yesu kawai nake maimaitawa.

Ta cikin dawar suka biyo da mutanen motar. Ba mu gan su ba, ji muka yi. Ƙas, ƙas, ƙas, kara yana karyewa, yana matsowa. Wata mata tana cewa, "Don Allah ku bari in ɗauki takalmina." Aka daka mata tsawa. Cinnaku sun hau ƙafata suna cizo, ban motsa ba. Sun wuce mu da abin da bai fi tsawon tabarma biyu ba. A rafi suka tarar da shanun Kawu, suka haɗa da su.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a kwance ba. Sai da muka ji muryoyin 'yan gari sannan ya ɗaga hannunsa. Da rigarsa a jikina aka kai ni gida.

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. A rana ta uku labari ya zo an kama Kawu. Wai daga gonarsa aka fito, wai shi ya bar musu maɓoya, wai infoma ne, mai kai wa ɓarayi labari. Shanun da aka kora, aka ce dabara ce, za a dawo masa da su ta bayan fage. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hujjar da suka riƙe. Kowa a hanyar nan bai sare ba, amma ba kowa ne ke maƙwabtaka da Baba ba. Suka ce, ga na kusa da shi ya sare har ya zarce, shi me ya hana shi? Biyayyar Baba ce ta zama igiyar da aka ɗaure Kawu da ita. Kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san in kalmar infoma ta manne wa mutum, ko hukuma ta sake shi akwai masu jiransa a waje, balle a wuce da shi gaba.

Da azahar matarsa, wadda muke ce wa Inna, ta shigo gidanmu. Ba ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata ba, ƙasa ta durƙusa.

"Ɗiyarku ta gani. Tana tare da shi. Ita ɗai ta gani."

Mama ta kama ta ta tashe ta, suka yi kuka tare. Amma Inna tana fita Mama ta juyo ta ce, "Ba inda za ta. Yarinyar da ko bacci ba ta yi? In ta shiga ofishin nan, kafin ta fito labari ya kai daji cewa akwai wadda ta ga fuskokinsu. In an tambaye ki, kanki yana ƙasa, ba ki ga komai ba. Kin ji ni?"

"Ba za ta yi wa hukuma ƙarya ba," in ji Baba.

A nan na fashe. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce wace hukuma? Wadda ta ce a sare abincinmu ta tafi ta kwanta? Ina motar da aka ce? Na ce da na bi ta dokarku da yanzu ina daji ko ina kabari. Dawar wanda ya ƙi bin doka ce ta rufe ni, gonar mai bin doka ta tsirara ni. Na ce ku je ku yi ta yi musu addu'a, su ba su san kuna yi ba.

Ya bar ni na gama. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Uwata, tun ranar nan ban daina taka taku ɗari da goman nan a zuciyata ba. Kada ki ɗauka ban sani ba." Sannan ya ce, "Amma su ɗin, daga ina suka fito?"

Kafin in buɗe baki ya ƙaro wata.

"Da kowa ya sare, ina za su laɓe su jira mota?"

Wannan ce tambayar da har yau take ba ni haushi, domin ba ni da amsarta. Dawar da ta ɓoye ni ita ta ɓoye su. Bakinta na titi nasu, cikinta namu.

Na ce to zan je, amma abin da zai fitar da Kawu kawai zan faɗa. In suka tambayi inda aka fito, in ce ban gani ba.

"A'a. In kin je, duka. In ba za ki iya duka ba, zauna, ba zan tilasta miki ba, Allah ya ga halin da kike ciki. Amma ba a kai wa mai shari'a rabin magana a sa ran ya yanke daidai."

"Ko da rabin farkon zai kashe shi?"

"Ni zan tsaya kusa da ke."

Wai shi zai tsaya. Tsoho da hula da biro a aljihu. Na shige ɗaki na bar su suna yi da Mama. Ta taga ina hango igiyar shanya. Rigar Kawu tana kai, Mama ta wanke ta, gwiwar hannu ɗaya da faci. Na tuna da riga ɗaya aka kai shi, wataƙila 'yar shara ce kawai a jikinsa. Washegari da safe na ninke ta na sa a leda na ce wa Baba mu tafi. Mama ta yafa mini babban mayafinta, ta ja shi har goshi.

Tun hantsi muke kan benci a ofishin jami'an tsaro har aka kira azahar. Sau uku ana cewa mai ɗaukar bayani ya fita. Duk wanda ya gifta da kaki sai Baba ya miƙe. Na ce, "Baba, wannan ai masinja ne." Ya ce, "Aikin hukuma yake yi." Na ja mayafi na rufe fuska don kada in ce wani abu.

Da aka shigar da mu, jami'in bai girme ni da yawa ba, idonsa duk bacci. Baba ya cire hula ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe." Biron jami'in ya ƙi rubutu, ya yarfa, ya goga a tafin takalmi. Baba ya zaro nasa ya miƙa masa da hannu biyu.

"Kin ga inda suka fito?"

Na dubi Baba, shi bango yake kallo.

"Na gani. Daga dawar bakin titi."

"Ta wa?"

"Ta Kawu. Ta mutumin da kuka tsare."

Ya rubuta da sauri, ya ja layi a ƙasa, ya fara rufe takarda. "To, mun gode."

"Ban gama ba," na ce. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na faɗi gudun, da yadda aka cafko ƙafata, da rigar, da hannun da ke rawa a ƙeyata. Na ce mutumin da ya san da zuwansu ba zai kai shanunsa kan hanyarsu ba, ba zai kwanta cikin cinnaku yana kyarma kamar mazari ba. Da yana tare da su, kira ɗaya zai yi su ɗauke ni. Na zaro rigar na ɗora masa a tebur. Ina magana ina kuka, majina da hawaye, ban damu ba.

Ya saurara, amma biro yana ajiye. Sai Baba ya matso.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri da tsoho. A wajen aikinmu na dā, in an ɗauki bayani akan karanta wa mai shi ya ji kafin ya sa hannu. Ko za a taimaka?"

Jami'in ya dube shi, ya dubi takarda. Layi uku ne a kai. Ya yi tsaki a hankali, ya jawo sabuwa ya ce in sake daga farko. Na sake. Ya karanta, Baba ya gyara masa wuri biyu, duk da "ranka ya daɗe" a gaba.

Na ɗauka an gama. Baba bai mayar da hula ba.

"Saura nawa, ranka ya daɗe. Ni ne mai gonar da aka sare. An ce taku ɗari, na sare ɗari da goma. Ba na da-na-sani, in an sake faɗa gobe zan sake. Amma shelar nan baki biyu gare ta. An ce mu sare, an ce za a yi sintiri. Mun yi namu, ban ga naku ba, kuma 'yata ce ta yi gudu a filin. Ba rashin kunya na zo yi ba. Wanda yake girmama ka shi ne ke faɗa maka a gabanka. Malam ya ƙi bin doka, gaskiya ne, a hukunta shi a kan wannan, shi da duk masu gona daga nan har Shinkafi. Amma ba ɓarawo ba ne. Shekara talatin muna iyaka, ko kunya ɗaya bai taɓa ci mini ba."

Na zaci za a kore mu. Jami'in ya shafa fuska ya ce, "Baba, mota ɗaya gare mu. Ranar ma tana wajen Zurmi." Ya faɗa kamar yaron da aka kama bai yi aikin gida ba. Ya ɗauki takardun ya shiga wajen na gaba da shi.

Sai bayan la'asar aka fito da Kawu. Sharaɗi biyu: a sami wanda zai tsaya masa, kuma ya sare taku ɗari nan da jibi. Baba ya sa hannu, da bironsa, wanda ba a mayar masa ba har yau. Kawu ya fito da 'yar shara, fuskarsa ta faɗa, gemunsa ya hargitse. Na miƙa masa rigarsa. Ya juya ta, ya sansana.

"Har da sabulu mai ƙamshi? Ɗiyata, kin ɓata min riga, yanzu ko dawa ba ta gane ni." Ya zura ta, ya dubi Baba. "Dattijo, ka ga hukumarka."

"Tamu ce, Malam."

"Awo, tamu ce. Kamar ciwon haƙori."

A hanya Baba ya bi da mu ta ƙofar mai unguwa, inda mutane ke zaune, ya sa na tsaya daga nesa, shi ya maimaita musu abin da aka rubuta, don kada wani ya kwana da kalmar infoma a bakinsa. Bai ambaci cewa ni na faɗa ba. Kowa dai ya sani.

Lokacin nan dawar ta riga ta nuna. Saran da aka yanka wa Kawu ya zama girbi. Aka yi gayya, mutanen majami'armu da na masallacinsu, Baba da igiyarsa a gaba. An ce da ya kai ɗari ya tsaya yana duban ƙafarsa, Kawu ya ɗaga masa adda ya ce, "Ka ƙara ko taku guda, ni da kai ne." Ni ban je ba. Har yau ban koma gonar ba. Robata da takalmina ɗaya wani ya tsinto ya kawo, na ce a jefar.

Shekarar nan ba mu kai damin farko gidan Kawu ba, kunya takwas me za su yi. Shi ya aiko da jaki, dami shida. Baba ya fara cewa ai ba haka al'adar take ba. Mama ta ce, "In ka mayar da su, ka bi su." Aka zuba a rumbu.

Mutanen motar, wasu sun dawo bayan watanni. Matar da ta roƙi a bar ta ta ɗauki takalminta, na tambaya, ba wanda ya iya gaya mini wace ce.

Bana ba a yi shela ba, ba wanda ya ce a sare komai. Baba dai gyaɗa ya shuka a taku ɗari da goma. Kawu ya zazzage shi son ransa, sannan shi ma ya zuba wake a bakin titi ya ja dawarsa baya, wai ƙasar wurin ce ta gaji.

Ran Lahadi har yanzu Baba ne ke tashi. Yana farowa daga sama ya gangaro, ba ya tsallake kowa. Abu ɗaya ya ƙaru: in ya kai kan masu tsaro yakan ce Ubangiji ya ba su abin aiki, ya ba su kunnen jin talaka, ya sa su cika bakin da suka ɗauka. Jama'a su ce amin gaba ɗaya. Tawa takan makara. Sai kowa ya yi shiru, Mama ta zungure ni da gwiwar hannu, sannan in faɗa, ƙasa-ƙasa, haƙora a cije. Baba yana ji. Ba ya ci gaba zuwa kan kansila sai ta fito.